Kimiyya A Gida: In Bireka Ta Faɗi, Kada A Yi Saurin Zarginta

Yau za mu leƙa ɗan akwatin nan da ke jikin bango kusa da mita, wanda ba a tunawa da shi sai fitilun gida sun mutu alhali maƙwabta na da wuta.

A Jega da Aliero da Maiyama, kamar sauran garuruwan Kebbi, kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta, ko da yake har yau bakinmu bai daina cewa NEPA ba. Wutar kan iso gida da ƙarfin bolt 230, ta bi ta mita, sannan ta shiga wannan akwati. A ciki za ku ga ƙananan makunnai a jere. Su ake kira bireka. Kowace na gadin layi guda: wata ta fitilu da fankoki, wata ta soket-soket. Aikinta ɗaya ne, ta yanke wuta kafin waya ta yi zafin da zai kama gobara.

Shi ya sa in bireka ta faɗi, galibi lafiyarta ƙalau, saƙo ta kawo. Abin da ya rage shi ne mu iya karanta saƙon.

A cikin cikinta akwai masu gadi biyu, kuma duk kun gamu da su a darasin fiziks. Na farko wani siririn ƙarfe ne da aka manna daga ƙarafa iri biyu. In wuta ta yi yawa sai ya ɗumama, ya lanƙwashe a hankali, ya tunkuɗe makunnin. Na biyu naɗaɗɗiyar waya ce da ke zama maganaɗisu. In wayoyi biyu tsirara suka haɗu, wuta mai yawan gaske ta kwararo, sai ya fizge makunnin kafin ƙiftawar ido. Don haka lokacin da bireka ta ɗauka kafin ta faɗi shi ne babbar shaidarmu.

Ga yadda za ku bincika ba tare da kun kwance komai ba. Da farko ku tabbata akwai wuta a unguwa, kuɗin mita bai ƙare ba, kuma makunnin da ke sauya gida tsakanin NEPA da janareta ko sola yana inda ya dace. Sannan ku kashe makunnan fitilu da fankoki duka, ku zare duk abin da ke soket. Da busasshen hannu, da takalmin roba a ƙafa, ku danna birekar ƙasa sosai, ku ɗaga ta. In ta tsaya, sai ku bi ɗaki-ɗaki kuna kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya.

In ta faɗi nan take da kunna wata fitila, to kun kama ɓarawon. Matsalar tana kan wannan fitila: ko ƙwan, ko mazauninsa, ko wayar da ta je wurinsa. Ɓeraye kan gwagwiyi waya a cikin silin, kuma da damina ruwan da ke yoyo ta kwano kan taru a mazaunin ƙwai. Ku bar wannan makunni a kashe, sauran gida ya ci gaba da haske.

In kuwa sai bayan 'yan mintoci take faɗuwa, to kaya ne suka yi mata yawa. Mu yi lissafi. Ku duba jikin birekar fitilu, za ku ga lamba kamar B6 ko C6, wato amp 6. A ninka 6 da 230, a samu wat 1,380. Ƙwai goma na zamani masu wat 10 sun ci 100. Fankoki uku masu wat 75 sun ci 225. Jimla 325, da sauran wuri mai yawa. To amma a gidaje da dama an ja soket daga layin fitila don tsimin waya. A jona dutsen guga mai wat 1,000 da hitar dafa ruwa mai wat 1,500, jimla ta koma 2,825. A raba da 230, an haura amp 12, ninki biyu na abin da aka yi birekar dominsa. Ina laifinta?

To yaushe za mu ce ita kanta ta lalace? Akwai alamu. Lafiyayyar bireka tana tsayawa in an ɗaga ta ko da babu wuta a gari, domin abin da ke riƙe ta sakata ce ta ƙarfe. Ku bari sai an ɗauke wuta, birekar ta huce, ku ɗaga ta. In hannunta ya yi laƙwas ya ƙi tsayawa, ta mutu. Haka nan in tana tsaye amma layinta kaɗai babu wuta, ko tana zafi, ko tana zuuu, ko kuna jin ƙauri, ko robarta ta yi baƙi. Wani lokaci kusar da ke riƙe waya ce ta yi sako-sako, wurin ya riƙa zafi. In kuma komai a kashe yake amma da wuta ta zo sai ta faɗi, abin yana cikin bango ko silin. A duk waɗannan, ku kashe babban makunni, ku faɗa wa Baba ko Inna, a kira ƙwararren mai gyaran wuta. Aikin ɗalibi ya ƙare a bakin murfin akwati. Bayan murfin akwai wayoyin da ke ɗauke da wuta ko an kashe babban makunni.

Abubuwa uku muke roƙo ku hana a gidajenku. Kada a yi ta ɗaga bireka tana faɗuwa, domin kowace ɗagawa ƙarin ƙuna ce ga wurin da ya lalace. Kada a ɗaure hannunta ko a tsallake ta da guntuwar waya. Kuma kada a yarda wani ya cire mai amp 6 ya sa mai amp 32 wai don ta daina damun mutane. Wayar fitila siririya ce, mai lamba 1.5. Za ta narke a cikin silin tun kafin babbar birekar ta san ana yi, kuma da tsakar dare, mutane na barci. An kori mai gadi ke nan don ya cika tashin mutane. In za a sake bireka, a sayo mai lamba irin ta da, kuma a guji ta jabu komai arharta, a kasuwar Jega ne ko a Birnin Kebbi.

Wannan ilimi kuma hanyar abinci ne. Ana koyar da fannin lantarki a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, kuma lissafin da muka yi yanzu irinsa ne ke fitowa a jarrabawar WAEC da NECO.

Ga aikin gida: ku karanta lambar da ke jikin birekar fitilunku da ido kawai, ku tara wat ɗin duk abin da ke kan layin, ku gaya mana ko nawa ya rage. Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.