RA'AYINMU: A Kai Zanen Kasuwa a Auna

A ƙarshen shekarar karatu a kan nemi ɗalibin zane-zane ya tattara ayyukansa wuri guda, ya auna kansa, ya faɗi inda ya ƙware da inda hannunsa bai faɗa ba tukuna. Wannan al'ada ce mai kyau, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Amma mun lura yawancin 'yan'uwanmu da mudu ɗaya su ke awon, watau makin da malami ya ba su da yabon abokai. Mu kuwa a ganinmu, ɗalibin da ya fito daga Kankiya ko maƙwabciyarta Kusada yana da wani mudun da ya fi wannan gaskiya, shi ne idon mutanen da za su tsaya gaban aikinsa ran kasuwa, su fahimta ko su wuce.

Sana'ar da mu ke magana a kanta ita ce ta haɗa rubutu da hoto da launi don isar da saƙo. Mai ita shi ke tsara fasta da kalanda da bangon littafi da tambarin ma'aikata da allon bakin hanya da takardar da a ke mannawa jikin kwalbar magani. Ba baƙuwa ba ce a Arewa. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editanta, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya. A Zariyar ne har wa yau, cikin 1958, waɗansu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane, suka dage a kan lalle sai an gwama abin da aka koyo daga Turawa da fasahar gida. Ɗalibai ne kamarmu a lokacin, ga shi har yau ana karanta labarinsu a jami'o'i.

To, bari mu fara da abin da ɗalibinmu ya ke taƙama da shi. Ƙarfinsa na farko gado ne, ko da shi bai sani ba. Yaron da ya tashi a ƙasar Katsina ya buɗe ido ya ga allon zayyana da a ke yi wa mai saukar Alƙur'ani, ya ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ya ga dagi a jikin soro, ya ga yadda mata ke jera launi a faifai da tabarma. Daidaita gefe da gefe, da maimaita siffa ba tare da ta gunduri ido ba, da sanin launin da ke zama kusa da wani, duk darussa ne da a ke kashe watanni ana koyarwa a aji, shi kuwa ya sha su tun a nono. Wanda ya yi makarantar allo ma ya riga ya san riƙon alƙalami da horon hannu a kan harafi.

Ƙarfinsa na biyu na zamani ne. Aikin da a dā sai an yanka harafi an jera da hannu a maɗaba'a, yau yaro na gama shi cikin sa'a guda da CorelDraw ko Photoshop a kwamfuta, ko da Canva a wayar hannu. Matasanmu sun kama wannan da sauri abin mamaki, har da yawa daga cikinsu da kuɗin katin biki da fastar 'yan siyasa su ke biyan kuɗin makaranta. Wannan abin a yaba ne.

Sai dai fa a nan gizo ke saƙa. Na'ura ta sauƙaƙa aiki har ta ɓoye raunin mai yinsa, kuma rauni uku ne muka fi gani.

Na farko shi ne sakaci da haruffan harshenmu. Tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke shugabancin ofishin talifi a Zariya, aka shigo da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, domin Hausa na da sautukan da baƙaƙen Turawa ba su tanada ba. Yau kusan shekara casa'in ke nan, amma duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Kano ta Kankiya yana duba alluna zai ga yadda a ke zubar da su. Dalili kuwa sananne ne. Da yawa daga cikin samfuran haruffa masu ƙyalƙyali da ke cikin kwamfuta ba su da waɗannan ukun, sai mai zane ya zaɓi ƙawa ya saki harafi. Nan take baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓata ya koma bata, maganin ƙwari ya zama na kwari. Babba mai karatu ya kan gane daga ma'ana, amma mai koyo da ya ke haɗa baƙi da wasali da ƙyar, shi an ɗaure masa kai. Alhali akwai samfuran kyauta masu ɗauke da haruffan duka, irin su Charis SIL da Noto, neman su kawai za a yi.

Na biyu shi ne cunkoso. Ɗalibi ya kan so ya nuna duk abin da ya iya a takarda ɗaya, launi bakwai, salon harafi biyar, hoto a kan hoto, har saƙon ya nutse. Ya kamata a tuna da tutar ƙasar nan. Michael Taiwo Akinkunmi, wanda ya rasu a 2023, yana ɗalibi a Landan ya zana ta, aka zaɓe ta a 1959. Zanensa na asali na da jar rana a tsakiya, alƙalan gasa suka cire ta, suka bar kore da fari da kore. Abin da ya rage ɗin shi ne kowane yaro a makarantar firamare ta Kusada ke iya zanawa da ka. Sanin abin da za a cire rabin sana'a ne.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne rashin sanin mai karatu. Aikin da aka tsara a fuskar kwamfuta cikin inuwa, a bango zai ƙare, cikin rana da ƙurar hunturu, mutum na kan babur ko yana tafe da kaya a ka, ya dube shi daga nesa na ɗan lokaci kaɗan. Kuma ba kowa ke karanta boko ba. A garuruwanmu akwai dattawa da mata da almajirai masu yawa waɗanda ajami su ke karantawa. Da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, aka kuma cire shi daga naira 100 a 2014, an sha muhawara a ƙasar nan, domin mutane da yawa da shi su ke gane kuɗin da ke hannunsu. Mai zanen da bai taɓa tambayar kansa ko wace irin rubutu mutanensa ke karantawa ba, da sauransa.

Kada a ɗauka wannan maganar ado ce kawai. Kankiya da Kusada ƙasar noma ce, kuma duk damina manoma na sayen maganin feshi. A ƙa'idar da hukumomin abinci da na lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shimfiɗa, a kan sa wa takardar irin wannan magani zirin launi a ƙasa, ja ga mai tsananin haɗari, rawaya ga mai bi masa, sannan shuɗi, sannan kore, tare da ƙananan hotuna masu nuna a rufe hanci, a sa safar hannu, a ɓoye wa yara. Wani mai zane ne ya ke tsara wannan. In ya ƙanƙantar da hoton don ya sami wurin ƙawata sunan kamfani, lafiyar mutum ya taɓa. Haka takardar ƙuri'a. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 jam'iyyu 18 ne a jere, kuma wanda bai iya karatu ba da tambari ya ke gane tasa. Haka nan ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, in sun fita ƙauyuka wayar da kai game da rigakafi ko tsabtar ruwa, fasta ce ke ci gaba da magana bayan sun tafi.

Sabo da haka muna da kira ga 'yan'uwanmu matasa ma'aikatan gwamnati, domin ku ne ke ba da irin wannan aiki a ofisoshin ƙananan hukumomi. Ku daina auna fasta da girman hoton mai gida. Ku ba mai zane rubutun Hausa da aka tace, ku nemi ya kawo gwaji kafin a buga dubbai, ku duba haruffan nan uku ɗaya bayan ɗaya. Ku kuma biya shi hakkinsa a kan kari, don wanda aka saba cewa ya yi don Allah ba zai sami sukunin zama ya ƙware ba.

Ku kuma ɗaliban zane, ga shawararmu. In an yi hutu, kowa ya ɗauki aikinsa guda ɗaya da ya fi so, ya buga shi a takarda, ya kai shi tasha ko bakin kasuwar garinsu. Ya nuna wa mutum goma, cikinsu har da tsoho da mace da yaro da wanda bai yi boko ba, ya tambaye su abin da takardar ke cewa, ya kama bakinsa kada ya yi musu bayani, ya rubuta amsarsu. Daga nan ya wuce wurin mai rubuta alluna da fenti, da maɗinkin babbar riga, da malamin da ke zayyana, ya zauna ya ga yadda su ke aiki, domin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. In ya komo makaranta da wannan takarda a hannu, sa'an nan ya iya faɗin ƙarfinsa da rauninsa da hujja.

Muna fatan ƙungiyar ɗalibai za ta ware rana a zango mai zuwa don a baje waɗannan ayyuka tare da amsoshin da aka samo, kowa ya gani ya ƙaru. Allah ya sa ilmin da mu ke nema ya amfani waɗanda suka turo mu nemansa, amin.