Mota Mai Fetur Da Lantarki: A Yi Lissafi Kafin A Zura Hannu A Aljihu

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, dangantakar ma'aikacin Nijeriya da motarsa ta sauya. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 a garuruwan Arewa cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen shekarar 2024 ta zarce Naira 1,000. Wasu sun jingine motocinsu, wasu sun koma babur, wasu kuwa sun karkata ga motar nan da dillalai ke kira haibirid, wadda mu za mu kira ruwa-biyu, tunda da fetur da lantarki take tafiya. Babu shakka tana da sauƙin shan mai. Abin tambaya shi ne, sauƙin da za a samu a gidan mai zai tsaya a aljihu, ko kuwa zai zurare a garejin bakanike?

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da yake shirin saye. Ruwa-biyu ba sabuwar aba ba ce. Kamfanin Toyota ya fito da Prius a Japan tun 1997, sannan ya kai ta kasuwannin duniya a 2000. Tana da injin fetur, da injin lantarki, da babban batir. Akasarin waɗanda ake shigowa da su nan ba a jona su da wutar gida. Batirin yana samun caji daga injin fetur da kuma duk lokacin da aka taka burki. Saboda haka rashin wutar lantarki a unguwa ba matsala ba ne gare su. Akwai wani nau'in da ake jonawa a bango, ya fi tsada, kuma wanda zai tayar da janareta domin ya yi masa caji ya guje wa gara ya faɗa gidan zago.

Abu na biyu shi ne irin hanyar da mutum ke bi. Mu ɗauki Camry ƙirar 2012. Bisa ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, ruwa-biyunta kan yi kimanin kilomita 18 da lita guda a cikin gari, yayin da takwararta mai fetur zalla ba ta cika 11 ba. Amma a kan babbar hanya tazarar ta tsuke: kilomita 16 da ɗoriya ga ta farko, kusan 15 ga ta biyu. Dalili kuwa shi ne, a cunkoso ne injin fetur yake kashe kansa, lantarki ya karɓa. Ke nan likitar da ke kutsawa cikin cunkoson Kano kullum, ko ma'aikacin da ke shiga Abuja daga Maraba ko Kubwa, za su ga bambanci sosai. Wanda rayuwarsa ke kan titin Kaduna zuwa Sakkwato kuwa, ribarsa kaɗan ce.

Mu buga lissafi. Mu ƙaddara mutum yana cin kilomita 1,500 a wata, gari da babbar hanya a gauraye. Motar da ke yin kilomita 12 da lita za ta sha lita 125. Wadda ke yin 17 za ta sha 88. Rarar lita 37 ke nan. In lita tana Naira 1,000, ya tsira da Naira 37,000 a wata, wato Naira 444,000 a shekara. To idan ruwa-biyun ta ɗara takwararta da Naira miliyan 2 a wajen saye, sai ya yi shekara huɗu da rabi kafin ya mayar da kuɗinsa, shi ma in babu wani babban gyara da ya taso. Kowa ya sanya nasa alƙaluman a wannan gurbi, zai ga matsayinsa.

Babban gyaran nan kuwa shi ne batir, kuma nan ne gizo ke saƙa. A Amurka, Toyota ta daɗe tana ba da garantin shekara 8 ko mil 100,000 a kan batirin a yawancin jihohi, sannan ta ɗaga shi zuwa shekara 10 ko mil 150,000 daga ƙirar 2020. Motocin da ke isowa tashoshin jiragen ruwa na Legas yawanci sun haura shekara 10. Wato ranar da mai saye ya karɓi mukulli, garantin ya daɗe da ƙarewa. Ba ana nufin batirin ya mutu ba ne, domin da yawa sukan wuce wannan wa'adi lafiya lau. Ana dai nufin in ya mutu, mai mota ne zai biya, da farashin da ke bin Dala, a ƙasar da Dalar ta tashi daga kimanin Naira 460 a tsakiyar 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Batirin Prius ƙirar 2010 ƙananan ɓangarori 28 ne aka jera. Wasu masu gyara kan cire guda ɗaya da ya gaza su dasa wani tsoho, su goge alamar gargaɗi, motar ta yi 'yan watanni cutar ta dawo.

Haka nan, da yawan motocin da ake kawo mana daga Amurka an sayo su ne a gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye. Guguwar Harvey kaɗai ta lalata dubban ɗaruruwan motoci a jihar Texas a 2017. Ruwa kuwa babban abokin gabar kayan lantarki ne. Don haka wajibi ne a bincika tarihin mota ta hanyar lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, a kuma jona mata na'urar gwaji a duba ƙarfin kowane sashe na batirin kafin a biya ko sisi. Wanda ya dogara da ƙyallin fenti da zaƙin bakin dillali ya sayi kifi a ruwa.

Sai yanayinmu. Zafi yana rage wa batir kwana, ga shi a Maiduguri da Sakkwato yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Wata 'yar fanka ce ke sanyaya batirin, tana zuƙo iska daga cikin motar ta wata kafa da ke kusa da kujerar baya. Ƙurar hunturu kan toshe ta, haka ma kayan da aka jibga a bakinta. Share fankar a kai a kai, da ajiye mota a inuwa, da guje wa kutsawa cikin ruwa mai zurfi da damina, da ƙin barin ta watanni ba a tayar ba, duk rigakafi ne da ya fi magani araha.

Na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci, shi ne bakanike. Kanikawanmu na Panteka da Ƙofar Ruwa da Apo gwanaye ne, amma akasarinsu a kan injin fetur suka koyi sana'a. Wayoyin nan masu launin ruwan goro suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200, wadda ke iya kisa. Ko na'urar sanyaya motar tana da irin man da take buƙata. In aka zuba mata na sauran motoci, sai a jawo ɓarna mai tsada. Saboda haka a fara neman wanda ya iya gyaranta a garin da ake zaune, a ga ayyukan da ya yi, a tambayi inda yake samo kayan gyara, sannan a je kasuwa.

A nan akwai jan aiki a gaban hukuma. A Mongoliya, sassaucin haraji ya sa tsofaffin Prius daga Japan suka cika titunan babban birnin ƙasar, sana'ar gyaransu kuma ta bunƙasa tare da su. Ya dace hukumar bunƙasa harkar motoci ta ƙasa, da kwalejojin kimiyya da fasaha, da ƙungiyoyin kanikawa su haɗa hannu wajen horas da matasa, a kuma tanadi yadda za a riƙa tattara matattun batura maimakon a watsar da su a juji.

A taƙaice, ruwa-biyu alheri ce ga mai yawan zirga-zirga a gari, wanda ya gwada batir kafin saye, ya san bakanikensa, ya kuma ware wani kaso na rarar kuɗin mai domin ranar da batirin zai buƙaci canji. Wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, ƙaramar mota mai fetur zalla, mai ƙaramin inji, ta fi masa rufin asiri. Allah Ya sa mu dace.