Dalma ko jan ƙarfe: gardamar maharban barewa a kan harsashi

A Amurka da ƙasashen Turai, inda farautar barewa take da lokacinta a shekara da lasisinta da dokokinta, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin maharba, wato wane harsashi ya fi dacewa a ɗura wa bindiga. Wanda bai san sha'anin ba zai ɗauka musu ne irin na matasa a kan ƙungiyoyin ƙwallo. Ni kuwa ina ganin akwai abin dubawa a ciki, domin a cikin dukan kayan da maharbi ya saya, tun daga bindiga har madubin hangen nesa, harsashi ne kaɗai yake taɓa jikin dabba, kuma shi ne kaɗai yake iya biyo nama har cikin tukunya.

Barewar da ake magana a kanta dangin barewarmu ce ta nesa. A Amurka an fi farautar mai farar wutsiya, wadda aka ƙiyasta yawanta bai wuce rabin miliyan ba a farkon ƙarni na 20, yau kuwa ta kai kimanin miliyan 30. Saboda haka gidajen da ke cin namanta a kowace shekara ba kaɗan ba ne.

Abin da muke kira harsashi a dunƙule abubuwa huɗu ne: kwanso na tagulla, ɗan maƙyalli a gindinsa mai tayar da wuta idan an ja kunama, albarushi, sannan ƙwayar da ke fita ta bakin bindiga. A kan wannan ƙwaya ake gardamar. Ana auna ta da wani tsohon ma'auni mai suna giren, wanda asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir guda ne, giren 7,000 ke yin fam ɗaya. A bindiga irin .30-06, wadda sojan Amurka ya fara amfani da harsashinta a 1906 kafin maharba su karɓe shi, ƙwaya mai giren 150, wato ƙasa kaɗan da giram 10, tana fita da gudun kusan mita 880 a daƙiƙa guda.

Aiki biyu ake nema daga wannan ɗan abu, kuma ayyukan kishiyoyin juna ne. Ana so ya buɗe kamar laima idan ya shiga jiki, domin ya yi rauni mai faɗi a huhu da zuciya, dabba ta mutu nan take. Ana kuma so ya riƙe kansa, ya ratsa fata da ƙashi ba tare da ya tarwatse ba. Wanda ya cika taushi zai fashe a kafaɗa ya bar barewa da gurgunta. Wanda ya cika tauri zai wuce kamar allura, ta gudu cikin daji ta kwana tana mutuwa. Abin mamaki, harsashi mai buɗewa shi ne wanda yarjejeniyar Heg ta 1899 ta haramta a fagen yaƙi, amma dokar farautar barewa ta Ingila ta 1991 shi ta wajabta, tare da gindaya cewa faɗin bakin bindigar kada ya gaza inci .240. Dalilin wajabcin ba baƙo ba ne a wurinmu, mu da aka hora da wasa wuƙa kafin yanka don kada a wahalar da dabba.

Tarihin ƙera ƙwayar farauta kusan duka neman sulhu ne tsakanin ayyukan nan biyu. A 1946 wani Ba'amurke mai suna John Nosler ya harbi wani ƙaton dangin barewa a Kanada, wanda taɓo ya bushe a kafaɗarsa, harsashin ya kasa ratsawa yadda ya kamata. Da ya koma gida sai ya ƙera ƙwaya mai ɗaki biyu na dalma da katangar ƙarfe a tsakani: ɗakin gaba ya buɗe, na baya ya ci gaba da turawa. Kamfanin da ya kafa a 1948 har yau yana sayar da ita da sunan Partition.

Daga nan ne masu ɗurin hannu suke shigowa, wato maharban da ke sayen sassan huɗu dabam-dabam su haɗa da kansu. Ba rowa ce kaɗai ke sa su ba, ko da yake kwanso ɗaya yakan yi ɗuri sau da yawa. Kowane bututun bindiga yana da halinsa, har bindigogi biyu ƙirar kamfani ɗaya ba lalle su so harsashi iri ɗaya ba. Mai ɗurin hannu yakan ɗauki littafin ma'auni da masu yin albarushi suka wallafa bayan gwaji, ya fara daga mafi ƙarancin awon da aka rubuta, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan yana harbin takarda daga mita 100, yana duba kwanso ko ya nuna alamar matsi ya yi yawa. Dole ya yi taka-tsantsan, domin matsin da ke tasowa a cikin .30-06 yakan kai fam 60,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma fuskarsa tana dab da wurin. Maharbanmu masu bindigar toka su ma ɗurin hannu suke yi, sau da yawa da awon ido, sai dai albarushin zamani ba ya yafe irin wannan ganganci. (Kada wani ɗalibina ya ce malam ya ba da fatawa: dokar makamai ta Najeriya ba ta yarda mutum ya haɗa harsashi a gidansa ba.)

Shekara da shekaru ma'aunin nagartar ɗuri biyu ne kawai, wato ya sami inda aka auna, kuma ya kashe da sauri. Ma'auni na uku wata ungulu ce ta kawo shi. Kondo, ƙatuwar ungulun Kalifoniya mai faɗin fikafikai kusan mita 3, ta ragu har saura 27 a duniya a 1987, aka kama su duka domin a kiwata. Da aka fara sakin zuriyarsu sai aka tarar gubar dalma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe su, kuma daga kayan cikin da maharba ke zubarwa a daji suke samun ta. Ƙwayar dalma idan ta bugi jiki da irin wancan gudu takan zubar da ɓurɓushi masu yawa, wasu ido ba ya ganinsu, haƙori ba ya jin su. A 2008 hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minisota ta yi gwaji da gawarwakin tumaki, hoton ƙashi ya nuna ɓurɓushin har nisan inci 18, kimanin santimita 45, daga hanyar da harsashi ya bi. A wannan shekarar ce kuma aka janye niƙaƙƙen naman barewa daga rumbunan ciyar da mabuƙata a Dakota ta Arewa bayan an gano dalma a cikinsa.

Mai karatu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da ita. Abin da ke cikin naman farauta bai ko kama ƙafar wancan ba wajen yawa, bai kuma kamata a haɗa su a ma'auni ɗaya ba. Amma gubar ɗaya ce, jikin yaro ya fi na babba zuƙar ta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa.

Madadin ya daɗe a kasuwa. Tun 1989 kamfanin Barnes ya fitar da ƙwaya ta jan ƙarfe zalla, mai rami a hanci, wadda ke buɗewa gida huɗu kuma takan fita da kusan dukan nauyinta. Kalifoniya ta hana farauta da dalma a faɗin jihar daga ranar 1 ga Yulin 2019, Denmak ta bi sahu a kan harsasan manyan bindigogin farauta a 2024.

Masu adawa suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Jan ƙarfe ya fi tsada. Bai kai dalma nauyi ba, don haka ƙwaya mai giren 150 ta jan ƙarfe ta fi takwararta tsawo. Tana cin wurin albarushi a cikin kwanso, kuma tsohon bututun da zanen murɗiyarsa yake da sassauci yakan kasa juya ta yadda za ta tafi a miƙe. Ya fi dalma tauri, yana buƙatar gudu sosai kafin ya buɗe, saboda haka a nesa mai yawa, inda gudu ya ragu, yana iya wucewa kamar allurar nan da muka ambata. Kuma ma'aunin albarushin da aka gwada da dalma ba a ɗora shi kai-tsaye a kan jan ƙarfe. Sai an koma littafi, an sake farawa daga ƙasa.

Duk da haka, a nawa ra'ayin jan ƙarfe ya fi, kuma mai ɗurin hannu shi ne ya fi kowa rashin uzurin ƙin sa, tunda duk matsalolin da aka lissafa irin waɗanda sana'arsa ta saba warwarewa ne. Yakan sauka zuwa ƙwaya mafi sauƙi, misali daga giren 150 zuwa 130, ta gajarta, ta ƙara gudu, kuma tunda ba ta zubar da nauyinta a hanya, ratsawarta ba ta raguwa. Abin da ya rage masa shi ne ya san nisan da ƙwayarsa ke daina buɗewa, ya haƙura da duk barewar da ta tsaya bayan wannan iyaka. Hukumomin Sikotland ma sun lura da wannan lissafi: a 2023 sun sauke mafi ƙarancin nauyin ƙwayar da doka ta yarda a harbi manyan bareyi da ita daga giren 100 zuwa 80, domin masu ƙananan bindigogi su sami damar komawa ga harsashin da ba na dalma ba.