Tallafin Lafiya Ba Rabon Jam'iyya Ba Ne



Makon jiya aka ce in tattaro sunayen masu ƙaramin ƙarfi a mazaɓarmu, waɗanda za a yi wa rajistar kula da lafiya kyauta. Kafin la'asar wayata ta cika da kira. Wannan ya ce, "Shugaba, kar ka manta da ni, tare muka kwana a akwati." Wancan ya turo sunan matarsa da na ƙannensa, alhali albashi yake ɗauka. Na ce musu a'a. Har yanzu wasu ba sa amsa gaisuwata, shi ya sa nake son mu yi maganar a fili.

Mu fara sanin kuɗin nan daga ina yake. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ce ta kafa asusun BHCPF. Ana zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma dokar ta buɗe ƙofar karɓar gudunmawar ƙungiyoyin agaji na waje. Ta ware rabinsa don biya wa jama'a kuɗin magani ta hanyar inshora, sauran kuma na magunguna, gyaran asibitocin sha-ka-tafi, ma'aikata da agajin gaggawa. Babu inda aka rubuta launin hula ko katin jam'iyya.

Sannan gudunmawar waje ba gado ba ce. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙetare, daga baya aka rushe hukumar USAID. A tsakiyar shekarar kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida kacal. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne. Duk gurbin da muka ba mai hali, mun ƙwace shi ne daga hannun wata mai juna biyu da ba ta da kuɗin awo, ko wani tsoho da hawan jini ya kwantar.

Na san amsar da za a ba ni: "Ai su ma da suna kan mulki haka suka yi." To, sai me? Da wane baki za mu zage su gobe in mun aikata irin nasu? Masu ba da tallafin nan fa suna turo masu bincike. Ranar da suka tarar da sunan ɗan kwangila a jerin marasa galihu, ba shi za su cire ba, unguwar gaba ɗaya za ta iya rasawa. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Ban raina wahalar kowa ba. Wallahi na san wanda ya sayar da wayarsa ya yi mana hidima. Amma hakkinsa yana wuyan jam'iyya da shugabanninta, mu je mu nema masa a can. Ba da kuɗin maganin marayu za a biya shi ba.

Ga abin da na yi. Na zauna da mai unguwa, da liman, da unguwarzoma, da shugabar mata, muka bi gida-gida. Cikin sunayen da muka fitar akwai wata bazawara mai 'ya'ya biyar, wadda na tabbata ba mu ta zaɓa ba. Sunanta ne na farko.

Ina roƙon kowane shugaban matasa ya yi haka a mazaɓarsa. Ku shiga kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido kan asibitinku. Ku tambayi nawa ya shigo, me aka saya. Ku nemi a karanta sunayen a bainar jama'a.

Wanda na ɓata wa ya yi haƙuri. Gara ka yi fushi da ni yau, da in tsaya gaban Allah da hakkin mara lafiya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.