Majami'u Sun Cika, Yaushe Za A Yaye Mu?

A hutun da ya wuce na je gida, na tarar ana ƙaddamar da asusun sabon gini a majami'armu. Sa'a huɗu cur muka yi a zaune. Wa'azi bai kai minti ashirin ba, sauran lokacin kuwa ya ƙare wajen kiran sunayen manyan baƙi da yi wa wanda ya fi ba da buhunan siminti tafi. Mutumin da aka fi yi wa tafin nan, duk garin an san leburorinsa sun yi wata uku ba su ga ladan guminsu ba, biyu daga cikinsu ma suna zaune a bencin baya. Babu dattijon ikkilisiya ko ɗaya da ya tanka. Ni ma, don kada in wanke kaina, na yi tafin.

Tun daga ran nan nake tambaya, wai don me aka kafa ikkilisiya? Manzo Bulus bai bar mu cikin duhu ba. A sura ta 4 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa ya nuna cewa aikin shugabanni shi ne su shirya masu bi har su balaga, su daina zama yaran da kowane mai daɗin baki zai juya yadda ya so. Korantiyawa kuwa faɗa ya yi musu, domin sun isa cin tuwo amma suna nan a kan nono, shaidarsa kuwa ita ce rarrabuwarsu, wannan na Bulus, wancan na Afolos. Mu da ba ma iya zaɓen shugaban gunduma sai mun tambayi yarensa, da wane ido za mu karanta wannan sura?

Turawan mishan suna da laifinsu. SIM ta sa ƙafa a ƙasar nan a 1893, amma sai a 1954 ECWA ta tsaya da ƙafafunta, wato shekara 61 ana riƙe da hannun yaro. Duk da haka a gaya musu gaskiyarsu. Likita Miller da abokan aikinsa sun yi shekaru suna fama har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, a wurare da yawa kuma sai mutum ya zauna ajin karatu kafin a yi masa baftisma, don ya buɗe littafin da kansa, ya auna abin da mai wa'azi ya faɗa. Yau ga mu a jami'a, muna iya musu da farfesa, amma wani ya ce mana shi annabi ne, sai mu sayi kwalbar man zaitun a hannunsa don cin jarrabawa. Kaico! Marigayi Byang Kato, mutumin Kwoi, ya yi ta kashedi kafin rasuwarsa a Mombasa a 1975 cewa ikkilisiyar Afirka tana yaɗuwa amma koyarwarta ba ta da zurfi. Mun ƙara yawa, mun manta da kashedin.

Wani zai ce ai gini ma aikin Allah ne, ba za a yi sujada a cikin ruwan sama ba. Haka ne. To, amma a dubi 'yan'uwanmu na EYN, ikkilisiyar da aka dasa a Garkida a 1923. A 2014 aka sace 'yan matan Chibok, akasarinsu 'ya'yanta ne. A watan Oktoba na shekarar Boko Haram ta ƙwace hedkwatarta da ke Kwarhi, shugabanni suka koma Jos, an kuma ƙona ɗaruruwan majami'unta. Da siminti ne ikkilisiya, da a shekarar ta mutu. Waɗanda suka ci gaba da sujada a sansanin gudun hijira, su ne waɗanda ajin baftisma da Zumuntar Mata suka cusa wa abin da wuta ba ta ci.

Mu ɗalibai ne za mu riƙe fayil a ofisoshin gwamnati nan da shekara biyu ko uku. A can za a san ko mun girma, ranar da tsohon da ke bin kuɗin fanshonsa ya tsaya a gaban teburinmu ba ko kwabo a aljihunsa. Idan akawun da ya jagoranci waƙa ranar Lahadi shi ne ke ɓoye fayil ranar Litinin sai an ba shi na goro, to taronmu ya zama taron tsintsiya ba shara.

Saboda haka ina kira ga kowannenmu, in ya je gida, ya halarci taron ikkilisiya na shekara. Bayan ma'aji ya gama karanta baiko da zakka, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya tambayi dattawa: mutum nawa aka koya wa karatu bana, gwauraye nawa aka ciyar, wane mai kuɗi aka tsawata wa? Ni dai na riga na rubuta wa sakatarenmu cewa a sa batun leburorin nan a jerin abubuwan da za a tattauna a watan Disamba.