Filin Masu Ɗaukar Hoto: Idan Haske Ya Yi Wa Hoto Yawa

Da damina ta yi nisa, masu ƙananan kyamarori na aljihu sukan yi takakkiya zuwa Gurara a jihar Neja, ko Matsirga kusa da Kafanchan, don su ɗauko ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Burinsu ruwan ya fito a hoto sumul kamar farin alharini. Sau da yawa abin da suke komawa gida da shi fari ne fat, babu ruwa babu dutse, kuɗin mota kuwa ya riga ya tafi.

Dalilin ba boyayye ba ne. A cikin kowace kyamara akwai ƙyaure wanda yakan buɗe ya rufe. Kafin ruwa ya fito sumul, sai an bar ƙyauren nan a buɗe kamar rubu'in sakan. To, da rana tsaka, in an sa ISO a kan 100, kafar haske kuma a kan f/8, lokacin da ya dace bai wuce 1/400 na sakan ba. Watau wanda ya ba da rubu'in sakan ya shigar da haske ninki 100 na abin da ake bukata. Wurin da haske ya ƙone haka a hoto, babu gyaran kwamfuta da zai dawo da shi, domin kyamara ba ta riƙe komai a nan ba.

Matakin farko shi ne a raba ISO da Auto, a saukar da shi iyakar ƙasa, 80 ko 100 ko 125, gwargwadon kyamara. Na biyu, a tsuke kafar haske. Sai dai a nan ƙaramar kyamara take da rauni, domin da yawa daga cikinsu ba su wuce f/8 ko f/11. Shi ya sa wanda ya murza zuwa S ko Tv ya zaɓi dogon lokaci yakan ga lamba tana ƙyaftawa ko ta canja launi. Gargaɗi ne cewa kafa ta kai ƙarshenta, haske kuwa bai ragu yadda ake so ba.

Na uku shi ne baƙin gilashi mai rage haske, wanda ake kira ND. Wasu kyamarori, irin su Canon G7 X da Sony RX100 III, suna da shi a ciki, yana barin kashi ɗaya cikin takwas na hasken ya wuce. Wannan zai kai mutum daga 1/400 zuwa 1/50 kawai, bai isa ba da rana tsaka. Gilashin ND64 zai kai shi kusan 1/6 na sakan, ND1000 kuma sakan biyu da rabi. Kyamarar da ba ta da wurin ɗaura gilashi, ana iya riƙe mata shi a gaban ido, muddin an manna shi sosai yadda haske ba zai kutsa ta gefe ba.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ya bi lokaci. Bayan asuba kafin rana ta fito, ko gab da magariba, haske yakan ragu har rubu'in sakan ya yi daidai ba tare da wani gilashi ba.

Har ila yau, hannu ba ya iya riƙe kyamara tsawon rubu'in sakan ba tare da girgiza ba. A ɗora ta a kan maɗori mai ƙafa uku, ko a kan busasshen dutse, a sa mata jinkirin sakan biyu kafin ta ɗauka. Bayan an ɗauka, kada a amince da hoton bayan kyamara kawai, don hasken waje yakan ruɗi ido. A buɗe jadawalin haske da kyamara ke zanawa. In ya taru ya jingina da bangon dama, hoto ya ƙone, sai a rage lokaci a sake ɗauka tun ba a bar wurin ba.