Sukutar lantarki: an halatta ta haya, an haramta ta mai ita

A Birtaniya mutum na iya shiga kanti ya sayi sukutar lantarki, wato allon nan mai taya biyu da sandar riƙo da ake tuƙawa a tsaye, ya biya kuɗinsa har da haraji. Da zarar ya ɗora ta a kan titin gwamnati kuwa ya karya doka. Ɗan sanda na da ikon ƙwace ta, ana iya cin tararsa fam 300, a kuma zuba masa maki shida na laifi a lasisinsa. Dalili shi ne dokar hanya ta 1988 ta ɗauke ta a matsayin mota, mota kuwa sai da inshora, alhali babu hanyar yi wa sukutar mutum irin wannan inshora. A gefen masu tafiya a ƙasa, dokar 1835 ce ke hana ta, wadda aka rubuta a zamanin keken doki.

Amma tun watan Yulin 2020 gwamnatin ta yarda kamfanoni su riƙa ba da hayar irin wannan na'ura a wasu birane da sunan gwaji, gwajin da aka sha tsawaita wa'adinsa. Ke nan abin da ya halatta ga mai biyan kamfani kuɗin minti-minti ya haramta ga wanda ya mallaki nasa. Wannan tsari a kife yake.

Masu goyon bayan haramcin sukan kafa hujja da birnin Faris. Gaskiya ne a ranar 2 ga Afrilun 2023 kusan kashi 90 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun zaɓi a kori sukuta, ko da yake waɗanda suka fito ba su kai kashi 8 cikin ɗari na masu rajista ba. Sai dai abin da aka kora shi ne sukutar haya kimanin 15,000 ta kamfanonin Lime da Dott da Tier. Ta mutum tana nan halal. Abin da ya ishi mutanen Faris shi ne yadda ake yasar da ita a ƙofar gida da gefen titi, makafi da tsofaffi na tuntuɓe. Kayan da ba na kowa ba haka ake yi masa. Wanda ya sayi tasa da guminsa naɗe ta yake yi ya hau bene da ita.

Amfaninta a bayyane yake ga mai tafiyar kilomita uku zuwa biyar, tsakanin gida da tashar jirgin ƙasa ko ofis. Batirin yawancinsu bai kai ya sha rabin yunit na wuta ba, ba ta neman wurin ajiye mota, ba ta tsayawa a cunkoso. Tana da iyaka: tayoyinta ƙanana ne, ramin da keke zai tsallake sai ya kayar da mai ita, ruwan sama abokin gabarta ne, ba ta ɗaukar yaro ko cefane. Batir marar inganci kuma yakan kama da wuta, abin da ya sa hukumar sufurin Landan ta hana shiga da ita jiragenta da bas-bas a Disambar 2021.

Waɗannan matsaloli duk ƙa'ida ce maganinsu, ƙa'ida kuwa ba ta hawa kan abin da doka ta ce babu shi. Jamus ta gane haka tun Yunin 2019: gudu kada ya wuce kilomita 20 a awa, dole birki biyu da fitila, da tambarin inshora manne a baya, mahayi ya kai shekara 14, ya bi layin keke. Wanda aka buge ya san inda zai nemi diyya. A Landan kuwa sukutar mutane na nan suna yawo safe da yamma duk da haramcin, ba lamba, ba inshora, ba wanda ya duba birkinsu.